GUBAR DALMA: KADA A KANKARE BANGO SAI DA MAI DUBAWA

Laccar da Akawun Jam'iyya na reshen Bagudo ya yi wa 'yan Jam'iyya da 'yan kasuwa

Maganata ta yau a kan dalma ce, wadda ake zubawa cikin waɗansu irin fenti don launi ya yi kyau, ya kuma bushe da wuri. Ina roƙonku ku kasa kunne, don kuwa magana ce ta ran 'ya'yanmu.

Dalma guba ce. In ƙurarta ta shiga cikin yaro ta baki ko ta hanci, sai ta bi jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. In ta yi yawa, sai amai da ciwon ciki da jijjiga, wani lokaci har mutuwa. In kaɗan ce, ba a ganin kome, sai dai yaro ya tashi ba ya gane karatu, a riƙa dukansa ana cewa daƙiƙi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani gwargwadon dalma da za a ce ba shi da lahani a jikin mutum.

Wanda ke shakka ya dubi maƙwabtanmu na Zamfara. Cikin shekarar 2010, a ƙasar Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka mutu. Talakawa ne masu neman abinci suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida suna niƙawa, ba su san da dalma a cikinsa ba. Ƙura ta bi tsakar gida da ɗakuna, yara na rarrafe suna kai hannu baki. Cikin 2015 abin ya sake faruwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu.

To, yaya aka kawar da gubar? Ba da tsintsiya ba. Mutanen garuruwan ne aka ɗauka aiki, ƙarƙashin ma'aikatan kula da muhalli na Zamfara da masana daga Amurka. Aka kankare saman ƙasar kowane gida, aka zuba a buhu, aka kai rami na musamman aka binne, aka kawo ƙasa mai tsabta aka shimfiɗa. Kafin aiki a auna da na'ura, bayan aiki a sake aunawa. Likitocin MSF kuwa sai da aka tsabtace gari suke ba yara maganin fitar da dalma daga jini, don ba amfani a yi wa yaro magani a mayar da shi cikin gubar.

Ga inda nake so ku lura. An gama ƙauyuka bakwai, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, kafin tsakiyar 2011. Amma Bagega, wadda ta fi su yawan jama'a, aka bar ta tana jira. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 cikin watan Mayu 2012, ba a saki kuɗin aikin ba sai ƙarshen Janairu 2013, bayan mutane sun yi ta kuka a gida da waje. Duk tsawon wannan lokaci yaran Bagega na kwana cikin guba. Jama'a, da 'ya'yan manya ne, da an yi wannan jinkiri?

Yanzu mu komo kan fenti, don dalmar da ke cikin dutsen Bagega ita ce a jikin bango. Tun 1921 aka ƙulla yarjejeniya a Janeba ta hana shafa farin fenti mai dalma cikin ɗakuna. Amurka ta hana shi a gidaje cikin 1978. Iyakar da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai ita ce kashi 90 cikin miliyan. Amma an sha gwada fentin da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya, aka sami waɗansu sun wuce wannan nesa ba kusa ba, musamman fentin mai, ja da rawaya, irin da ake shafa wa ƙofofi da tagogi da bencin makaranta. Mu da ke bakin iyaka, kaya na zuwa mana daga Legas da Kano, suna kuma shigowa ta ƙasar Benin. Ido ba ya gane gwangwanin da ke da dalma, ko daga ina ya fito.

Fenti da ke manne lafiya a bango bai kai wanda ya fara ɓarewa haɗari ba. Mafi haɗari duka shi ne ranar da aka zo gyara, aka sa lebura ya goge bango a bushe, ƙura ta cika aji. Saboda haka ga ƙa'idodin aikin:

Na ɗaya, a fitar da yara da mata masu ciki, kada su komo sai an gama share wurin.

Na biyu, a shimfiɗa leda a ƙasa, a jiƙa bango da ruwa kafin a kankare. Kada a goge a bushe, kada a ƙona da wuta.

Na uku, lebura ya rufe hanci da baki, kada ya ci abinci a wurin, ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya shiga gidansa ya ɗauki ɗansa.

Na huɗu, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya. A ƙulle ɓawon a leda. Kada a zuba shi a bola ko a Kogin Kwara.

Ɗan kwangila ba zai yi duk wannan don Allah ba, don yana rage masa riba. Shi ya sa Jam'iyyarmu ke kira ga Ƙaramar Hukumar Bagudo da Gwamnati a Birnin Kebbi: duk kwangilar gyaran makaranta ko ɗakin shan magani, a rubuta waɗannan ƙa'idodi a cikinta, a sa duba-gari ya tsaya a kan aikin, kada kuma a biya sauran kuɗi sai shi da wakilan iyayen yara sun sa hannu.

Ku kuma 'yan kasuwa masu sayar da fenti, ku tambayi dillalanku wanda aka rubuta ba shi da dalma, ku daina karɓar wanda aka juye a gwangwani marar suna. Wanda zai saya maƙwabcinku ne.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kowane reshe ya zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su zaga makarantun unguwarsu, su kawo wa ofishin Jam'iyya sunan duk wadda bangonta ke ɓarewa kafin taron wata mai zuwa.

Allah ya raya mana zuriya.