Gigin Tsufa a Cikin Ɗigon Jini



Da wuya a ce akwai wanda ke zaune a nan da bai san wata tsohuwa ba wadda za ta ci tuwo ta ce ba a ba ta ba, ko ta kira jikanta da sunan ƙanenta da ya daɗe da rasuwa. Mukan ce gigin tsufa ne, mu yi haƙuri. Wani wuri ma mayya ake ce mata, kuma wannan zalunci yana ci mini rai. Cuta ce ke cin ƙwaƙwalwarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon mantuwa sun haura miliyan 55, fiye da kashi 60 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma mafi yawansu cutar Alzheimer ce.

A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa bayan rasuwarta, ya ga abu biyu: dunƙulen furotin da yanzu muke kira amiloid a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da zaren furotin tau da ya cukuikuye a cikinsu. Shekaru da yawa sai mutum ya mutu ake tabbatar da cutar. Daga baya aka samu hanya biyu, a soka allura a gadon baya a ɗebi ruwan laka, ko a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na PET mai ɗan karen tsada. Wane tsoho ne a ƙauyenmu zai kai ga ɗayansu?

Shi ya sa maganar jini ta ɗauki hankalina. Waɗannan furotin suna tsiyaya cikin jini, amma ɗan mitsitsi ne, sai da aka ƙera na'urori masu tsananin gani kafin a iya auna su. Zakaran gwajin dafi a cikin furotin ɗin shi ne wani nau'in tau mai suna p-tau217. A 2024 masu bincike na Jami'ar Lund da ke Suwidin suka gwada majinyata 1,213 masu kukan mantuwa. Gwajin jini ya dace da gaskiya kusan kashi 90 cikin ɗari, alhali likitocin matakin farko sun dace da kashi 61, ƙwararru kuma 73. A watan Mayun 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini na Lumipulse ga manyan da suka riga suka nuna alamun cutar. Ku riƙe wannan sharaɗin, domin ba don mai lafiya da ke son leƙen gobensa aka yi shi ba.

To, amma jini yana da tasa rigimar. Wani furotin da ake aunawa a jini, NfL, yakan hau duk lokacin da jijiya ta lalace, ko ta shanyewar ɓarin jiki ko ta bugun kai, don haka yana nuna an yi ɓarna amma ba ya faɗin ɓarawon. Ciwon ƙoda yakan ɗaga awon tau, ƙiba kuma ta sauke shi. A ƙasar da hawan jini da ciwon suga ke cinye ƙodar mutane ba su sani ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Sannan akwai tsohon da ƙarancin bitamin B12 ne ya ruɗa shi, ko ciwon damuwa, ba Alzheimer ba, kuma duka biyun suna da magani.

Abin da ya fi damuna shi ne jinin wa aka auna aka tsayar da ma'aunin. Galibi na Turawa ne. Mu kuwa muna da dalilin yin hattara. Binciken haɗin gwiwa na Ibadan da Indiyanafolis, wanda Hugh Hendrie da Adesola Ogunniyi suka yi fice a cikinsa, ya nuna a 2001 cewa cutar ba ta kama Yarbawan Ibadan kamar yadda take kama baƙaƙen fatar Amurka, kuma ƙwayar gadon APOE4 da ke ƙara haɗari ga Turawa ba ta yi wannan ƙarfin a Ibadan ba. Idan gado ya saɓa, me zai hana awon jini ya saɓa?

Ɗalibai, aikin naku ne. Muna buƙatar jinin tsofaffin Kano da Zariya da Damagaram, a ɗebe shi da yardarsu da ta iyalansu, a haɗa da tambayoyin gwajin tunani da aka tsara da Hausa, waɗanda wanda bai yi boko ba zai iya amsawa. Muna buƙatar firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili don ajiye jinin, da wutar da ba za ta ɗauke masa ba ko da dare ɗaya.