Koren Tangaran na Sin da Jeren Iyayenmu Mata

Malamai, iyayenmu mata, jama'ar Dantchiao da baƙinmu na Magariya da Dungas, ina gaishe ku.

Maganata yau a kan faranti ce, wani koren tangaran na ƙasar Sin da sarakunan Musulmi suka yi ɗaruruwan shekaru suna tarawa. Mafi shahararsa daga Longquan ya fito, a lardin Zhejiang, kuma sunansa ya ɗaukaka tun zamanin daular Song, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1279. Korensa ba fenti ba ne. Akwai ɗan ƙarfe a cikin ruwan da ake shafe yumɓun da shi. Idan wuta ta haura digiri 1,200 aka kuma rage wa matoya iska, sai ƙarfen ya rikiɗe ya zama kore mai sanyin gani, jikin ya yi sumul. Toyinmu na nan bai kai wannan zafi ba, shi ya sa randar Mirya take tsattsafo tana sanyaya ruwa, aikin da tangaran ba zai iya ba.

Basine da ƴar ƙaramar tasa yake cin abinci. To, don wa aka yi waɗancan manyan farantai na ƙarni na 14, masu faɗin tire? Don masu zama a kewaye abinci a sa hannu tare, irinmu. Jiragen ruwa suka kai su Farisa da Masar da gaɓar gabashin Afirka. A Kilwa da Gedi an manna kwanonin Sin a jikin masallatai da kaburbura, kusan yadda maginan Zariya da Kano ke manna faranti a tsakiyar rufin soro. A 1611 Shah Abbas na Farisa ya yi waƙafin tangaran ɗinsa ga hubbaren Ardabil. Fadar Topkapi ta Santambul tana riƙe da koraye fiye da 1,300 har yau. An yi imani cewa farantin zai sauya launi ko ya tsage idan aka zuba masa abinci mai guba. Ba ya yi, amma sarki mai tsoron sammu ya biya kuɗinsa da murna. A 2017 kuma an sayar da wata ƴar tasa ta koren tangaran ɗin da ake kira Ru a Hong Kong kan dala miliyan 37 da ɗoriya.

Iyayena mata, wannan sana'ar tara kaya kun riga sarakuna saninta. Yarinya tana goye uwa ta fara saye, kwano ɗaya wannan kasuwa, murfi wata kasuwar, tana turawa ƙarƙashin gado. Ranar jere gwaggwanni da innoni su ɗaura ɗamara, su goge kowane da tsumma, babba a ƙasa ƙarami a sama, har ya kusa taɓa rufi. Daga ƙorai aka koma tasoshin tagulla, aka zo fanteka da samira, sannan tangaran cikin kabad. Kuma dukiyar matar ce ita kaɗai. Shekarar da damina ta ƙi, kwano yakan fita ya dawo da hatsi.

Abin da ke ci mini rai shi ne tsofaffin tasoshin nan suna tafiya hannun ƴan gwangwan, a ɗora a sikeli a biya kuɗin ƙarfe. Farantan Santambul sun tsira ne don an adana su, an rubuta su a kundin fada. Namu babu mai rubutawa.

Don haka ina roƙon malaman makarantunmu: hutun nan ku tura ɗalibai wurin kakanninsu da waya da littafi. Su ɗauki hoton tasa ciki da baya, har da tambarin da ke gindinta, su tambayi wa ya saye ta, a wace kasuwa, don auren wa. Hajiyoyin da suka san amsar suna nan zaune a gabana, da su za a fara.