Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Ziyarar Tsohon Aboki A Baƙon Gari

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar ba mu wannan dama. A shekarun baya an yi ta jawabai a wannan zaure kan rijiyoyin burtsatse, da gyaran azuzuwa, da hanyar da ta haɗa mu da babban titi, kuma duk cikinsu babu na yarwa. Mu kuwa a yau za mu yi magana ne a kan abin da ba ya bukatar ɗan kwangila ko asusun neman taimako, amma idan ya rushe ba a tayar da shi da siminti. Wannan abu shi ne ziyarar tsohon aboki, ko ɗan gari, a lokacin da tafiya ta kai mutum birnin da bai sani ba.

Kakanninmu fatake, waɗanda suka riƙa kora jakuna zuwa Gwanja da Salaga neman goro, ba su san otal ba. Abin da suka sani shi ne zango da mai masauki. Da zamani ya sauya, hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Ikko ta iso Badun a 1901, ta kai Kano a 1911, sai fataucin ya koma kan dogo: shanu su gangara Kurmi, goro ya hauro Arewa. Haka Hausawa suka yawaita a Badun, har aka keɓe musu unguwar Sabo a 1916. A can, baƙo idan ya sauka, mai gida ne zai ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, kuma ya tsaya masa idan an sayi kayansa bashi. Wannan tsari ya shahara har wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a farkon shekarun 1960 yana nazarinsa, ya fitar da littafi a kansa a 1969. Abin da muke so a lura da shi shi ne, dukiya mai yawa ta yi ta kai da komowa tsakanin Arewa da Kudu ba tare da takarda ko lauya ba, saboda mutane sun san juna ido da ido, sun ci tuwo a akushi ɗaya.

To, yaya muke a yau? Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, sai muka ɗauka ta ɗauke mana nauyin ƙafa. Ɗan garinmu zai je taro ko saro kaya a wani birni, ya yi kwana uku a otal, alhali abokin da suka yi makaranta tare yana bayan layi biyu. Sai ya kama hanyar gida sannan ya buga waya ya ce, "Wallahi na shigo garinku, amma lokaci ya ƙure." Wanda aka gaya wa zai amsa da "Ba komai, Allah ya kiyaye hanya," amma Allah kaɗai ya san abin da ya kwana a ransa.

Bari mu kawo misali daga abin da idonmu ya gani. A ƙarshen shekarar 2023 bikin yaye ɗalibai ya kai mu Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa tun 1948, inda ɗanmu ya kammala karatu. Ba mu taɓa taka garin ba. Mun bi ta Mokwa, muka ƙetare Kwara a gadar Jebba, muka wuce Ilori da Ogbomosho da Oyo, sannan muka shiga gari mai tuddai da kwari, rufin kwano ja iya ganinka, ga harshen da ba ma ji. A nan muka tabbatar da maganar magabata cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido.

Muna da aboki a garin, ɗan garin nan, wanda muka shiga Kwalejin Horon Malamai tare a zamanin da ake yunƙurin shirin ilimin firamare kyauta na 1976. Gado mai hawa biyu muka raba, shi a sama mu a ƙasa, kuma ƙauye ɗaya aka tura mu koyarwar gwaji. Bayan 'yan shekaru da alli a hannu, shi ya ajiye aikin ya bi fataucin albasa da tumatir zuwa Kurmi, mu muka ci gaba da aji har ritaya. Muna gaisawa ta waya lokacin Sallah, kuma kullum amsarsa guda ce: "Lafiya lau, alhamdu lillahi."

Washegarin biki muka shiga ƙaramar tasi daga ƙofar jami'a, ta bi da mu ta Sango ta ajiye mu a Mokola. Daga nan matambayi ba ya ɓata. Wani mai tsire ya haɗa mu da yaro, yaron ya ratsa da mu ta layin 'yan canji zuwa cikin Sabo, inda kunnenmu ya koma jin Hausa kamar muna bakin kasuwar garinmu. Muka yi sallama a ƙofar zaure. Dattijon da ke zaune a kan tabarma ya amsa, amma bai ɗago da sauri ba, sai da muka kira shi da sunan da ake tsokanarsa da shi a kwaleji. Ya miƙe yana laluben bango, ya ce, "Hedimasta! Ashe rai kan ga rai?" Ya riƙe hannunmu ya ƙi saki, yana ƙwala wa uwargida kira a kawo ruwa, baƙi daga gida sun zo.

Jama'a, zaman yini guda ya nuna mana abin da gaisuwar waya ta shekara ashirin ba ta nuna ba. Yana ta rufe masa ido ɗaya, ta fara kama na biyu. Jarinsa ya tafi a rikicin kasuwar Sasa na watan Fabrairun 2021, lokacin da aka ƙona shaguna da kaya, kuma tun daga nan bai farfaɗo ba. 'Ya'yansa sun iya Yarabanci kamar ruwa, suna jin Hausa, amma in ban da babban, babu wanda ya taɓa ganin garin ubansa. Gonar gadonsa tana nan a hannun dangi, babu wanda ya tuna masa da ita. Duk wannan bai taɓa faɗa a waya ba, domin mai mutunci ba ya buga waya don ya kai kuka. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne da ya ce, "Malam, ina jin labarin 'yan garinmu suna shigowa Badun suna fita. A shekara goma, ku ne na huɗu da suka zauna a kan tabarmar nan."

Alhamdu lillahi, da labari ya iso gida, wasu daga cikin waɗanda ke zaune a wannan zaure sun haɗa abin da ya sawwaƙa, aka yi masa aikin ido, yanzu yana karatun Alƙur'aninsa da kansa. Dangi sun zauna a kan maganar gona, kuma 'ya'yansa biyu sun zo sun yi Babbar Sallah tare da mu. Allah ya saka wa kowa da alheri. Sai dai mu tambayi kanmu: irinsa nawa ne a Ikko, da Fatakwal, da Anaca, da Kumasi, waɗanda ba a kai ga tabarmarsu ba?

Saboda haka muna da shawarwari guda uku.

Ta farko ga matafiyi. Kafin ka tashi, ka tambayi dattawa wa muke da shi a garin da za ka. Ka sanar da shi zuwanka, kada ka faɗo masa kamar ruwan bazara. Ka riƙe 'yar tsaraba daga gida, ko daddawa ce, ko kuka, ko ƙulli-ƙuli, domin wanda ya daɗe a baƙon wuri ƙanshin gida yake nema, ba tsadar kaya ba. Idan ka ga gidan a takure yake, ka yini ka koma masaukinka, baƙo raɓa ne. Kuma kada ziyararka ta zama ta neman aiki ga ɗa ko rancen kuɗi kawai. Ka je don shi.

Ta biyu ga mazauna birane, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta mujallarmu. Mun san halin da kuke ciki na tsadar haya da ƙarancin ɗaki da cunkoson hanya. Amma kada ƙofar ƙarfe da mai gadi su sa ɗan garinku ya ji kunyar ƙwanƙwasawa. Wanda ba shi da ɗakin baƙi yana da ruwan sha da fuska, yana kuma iya nuna wa baƙo motar da zai hau da unguwar da zai kauce wa bayan magariba. Ku tuna ku ma ranar da kuka fara sauka a tasha da jaka ɗaya, wani ne ya tarbe ku.

Ta uku ga uwar ƙungiya. Muna roƙon kowane reshe ya rubuta sunayen 'yan garinmu da ke yankinsa, musamman dattawan da ƙarfinsu ya ƙare, da waɗanda ba sa iya zuwa taro ko biyan kuɗin wata. A ajiye littafin a hannun sakatare, a riƙa sabunta shi duk shekara, domin duk mai tafiya ya san ƙofar da zai yi sallama. Kada mu bari sai sanarwar rasuwa ce za ta tuna mana cewa wane yana raye a wuri kaza.

Mun shafe fiye da shekara talatin muna kiran sunayen yara kowace safiya, kuma mun koyi cewa yaron da aka daina kiran sunansa a rajista, ba da jimawa ba yake daina zuwa makaranta. Haka ɗan gari yake. Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar nan tamu ce.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya.