Hakiya Da Gilashin Manna Wa Ido: Wane Zafi Ake Jurewa, Wane Ake Gudu?

Jawabin da kwamitin lafiya ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata a Mubi



Minti kaɗan aka ba mu, sabo da haka ba za mu ja gaisuwa ba. Abin da ya jawo wannan magana shi ne wani yaronmu, wanda da yawanku kun sa hannu a aljihu lokacin da za a kai shi asibitin ido. Ƙaiƙayin dawa ne ya faɗa masa a ido wajen sussuka, gyambo ya tashi, da ya warke ya bar masa hakiya. An gwada masa tabarau iri-iri, bai ga bambanci ba. Daga baya aka auna masa ɗan gilashin nan da ake manna wa ido, wanda 'yan boko ke kira kwantak, ranar ya karanta allon likita har kusan layin ƙasa. To wata biyu bayan dawowarsa muka je dubiya, sai muka tarar da gilashin a cikin akwati. Muka ce lafiya? Ya ce ji yake kamar an zuba masa yashi a ido. Yaron bai yi ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne an ba shi gilashi, ba a ba shi bayani ba, mu ma da muka tara kuɗin ba mu san abin da za mu gaya masa ba.

Bari mu fara da dalilin da ya sa tabarau bai yi masa aiki ba. Wurin da muke kira baƙin ido, a kansa akwai wani tantani garai-garai, kamar gilashin agogon hannu. Wannan tantani shi ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske, kuma dole ne ya kasance sumul. Idan gyambo ya warke ya bar tabo, fuskarsa takan zama tudu da kwari, haske ya warwatse. Tabarau yana can nesa a kan hanci, ba ya iya cike kwari. Amma gilashi mai tauri idan ya zauna a kan idon, hawaye sai ya shiga tsakani ya cike ramukan, kamar yadda magini ke bin bango mai gargada da yaɓe. Gilashi mai laushi kuwa, irin mai launi da amare ke saye don ado, lafewa yake yi ya bi gargadar, galibi ba ya magance komi. Kuma ku sani asalin abin ba na kwalliya ba ne. A 1888 wani likita mai suna Adolf Fick a birnin Zurik na ƙasar Siwizalan ya yi irinsa da gilashi na gaske, domin masu irin wannan ido ya yi shi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, idan hakiyar ta yi kauri fari fat a daidai tsakiyar ƙwayar ido, irin wadda ƙyanda ta bar wa wasu tsararrakinmu, gilashi ba zai buɗe ta ba, wannan sai maganar dashen tantani. Haka wanda amosanin ido ya juya masa gashin ido ciki, sai an fara gyara fatar idon tukuna. Akwai kuma waɗanda ba su da hakiya, amma tantanin ya yi siriri ya tsiro kamar kan ƙwai. An fi ganin haka ga matasan da suka taso da ƙaiƙayin ido, waɗanda farin idonsu ya koma ruwan ƙasa, kullum hannu na ido ana murza. Iyaye mata, wannan taku ce: murzar tana ƙara lalata shi. Akwai aikin da aka fito da shi a Dirasdin ta Jamus, aka bayyana sakamakonsa a 2003, ana ɗiga bitamin B2 a haska wani haske domin tantanin ya yi ƙwari. Yana tsayar da ciwon ne, ba ya mayar da abin da ya riga ya lalace, don haka sammako ake yi masa.

To, mu koma kan yashin da yaron ya ce yana ji. A makon farko da na biyu, jin kamar haki a ido, da zubar hawaye, da yawan ƙiftawa, duk ba abin tsoro ba ne. Fatar ido ce ke karo da bakin gilashin kafin ta saba. Shi ya sa ake farawa da 'yan sa'o'i kaɗan, ana ƙarawa kullum bisa yadda mai aunawa ya tsara. Wanda ya sa yau ya ajiye sai ranar kasuwa, kullum baƙo ne, ba zai taɓa sabawa ba. Nan ne kaɗai muke cewa a yi haƙuri.

Amma idan an yi makonni abin bai lafa ba, ko kullum wuri guda ke ciwo, ko gilashin na yawan zamewa yana faɗuwa, to ba rashin juriya ba ne, awo ne bai zauna ba. Takalmi ne ya matse, kuma ba a gaya wa mai matsattsen takalmi ya ƙara haƙuri. Ƙaramin gilashi mai tauri faɗinsa wajen milimita 9 ko 10 ne, a kan tantanin yake zama, idan yana gugar tudun tabon zai iya ƙara wani tabon. Akan sake awo, ko a shimfiɗa mai laushi a ƙasa a ɗora mai tauri a kai. Akwai kuma babba, milimita 15 ko fiye, wanda ke tsallake baƙin ido gaba ɗaya ya jingina a kan farin ido, inda ba a cika jin taɓi ba. Cika shi ake yi da ruwan gishiri na asibiti kafin a sa, idon ya wuni cikin ruwa. A ganinmu shi ya fi dacewa da ƙasarmu, don ƙura ba ta samun ƙofar shiga ƙarƙashinsa da sauƙi. Aibinsa tsada, da kuma koyon sawa: idan kumfa ta shiga ciki sai an cire an sake, idan gani ya yi hazo da rana sai a cire a ɗauraye a sake cikawa.

Maganar ƙura kuwa ba sai mun gaya wa mutumin Mubi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da hawaye, ga ƙurar kasuwar shanu, ga injin niƙa, ga masu Keke da ke wuni a titi. Ƙwayar yashi guda ta shiga ƙarƙashin ƙaramin gilashi, mutum sai ya tsaya cak a hanya. Abin yi shi ne a ɗora tabarau mai rufe gefe a kai, a riƙa ɗiga ruwan jiƙa ido wanda likita ya ce ya dace da gilashin, idan abu ya shiga kuma a wanke hannu a cire, kada a murza. Mata da dattawa masu sa kwalli, garinsa na shiga ƙarƙashin gilashi, a bar layin cikin ido.

Yanzu ga wadda muka fi so ku tafi da ita gida. Ido ya yi ja, ga zafi da bai tafi ba bayan an cire gilashin, ga rashin son haske, ga kwantsa, ko gani ya ragu, ko an hango ɗan farin ɗigo sabo: a cire, kada a mayar, a ga ma'aikacin ido a ranar, a tafi da gilashin da mazubinsa. Gyambon tantani cikin kwana ɗaya ko biyu yana iya cin ido, kuma ku tuna wasu daga cikin mutanen nan wannan idon ne kaɗai ya rage musu. Kada a je kemis a ce a ba ni na jan ido. Akwai masu ɗauke da sinadarin siteroyid, ja ya tafi yau, gyambo na ci a ƙasa. Batun ruwan sukari, da nonon mace, da tsime-tsimen ganye kuwa, da yawa daga cikin hakiyar da ke gidajenmu ta nan ta samo asali.

Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, a nan hakin shi ne ruwa. Ruwan rijiya, na famfo, na burtsatse, har na leda da muke sha lafiya lau, ba mai taɓa gilashin ko mazubinsa. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna akantamiba da ke zaune a ruwa da ƙasa, idan ta shiga tantanin ido akan yi watanni ana magani. Miyau ma haka, mun ga masu lasar gilashi su mayar. Wajen alwala a runtse ido sosai in za a wanke fuska, wajen wanka a cire. Ba a barci da shi, ko na rana ne, domin tantanin nan ba shi da jijiyar jini, daga iska yake samun numfashinsa. Ruwan jiƙawa a zubar a zuba sabo kullum, ba a yi masa ƙari don tsimi. Wanda aka ba ruwan wanki mai kumfa, na haidirojin, ya bar gilashin ciki aƙalla sa'a 6, in ba haka ba zai ƙona ido.

Namu laifin a matsayin ƙungiya shi ne mun yi lissafin tafiya ɗaya. Irin wannan gilashi akan koma sau biyu, sau uku kafin ya zauna daidai, sannan akwai dubawa a kai a kai. Daga nan zuwa Yola ta Hong da Gombi kusan kilomita 200 ne. Asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943, da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna kuwa tafiyar yini guda ce. Kuma ba kowane asibitin ido ke auna shi ba, a buga waya a tambaya kafin a shiga mota. Wanda ya je, kada ya baro wurin sai ya sa ya cire da hannunsa a gaban mai aunawa, ya karɓi takardar awonsa, ya sayo ruwan wanki da zai kai shi wata uku, ya kuma riƙe tsohon tabaraunsa don ranar da ido ke hutu.

Shi yaron namu mun yi magana da mahaifinsa, ya yarda a mayar da shi a sake awo. Kwamiti na roƙon a sa kuɗin motarsa na zuwa biyu cikin abin da za a tattauna bayan wannan jawabi. Mai tambaya kuma ya ɗaga hannu, Shugaba ya ce akwai sauran lokaci kaɗan.