SHEKARAR DA GARNAƊA TA FAƊI A CIKINTA KOLOMBOS YA SHIGA TEKU

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamai ya gabatar wa 'yan uwa matasa a zaman karatunsu na mako-mako, a kan abin da Turawa suke kira zamanin farkawarsu.

Bayan godiya ga Allah Ta'ala da salati ga Manzon rahama (S) da iyalan gidansa da sahabbansa, Malam ya fara ne da tambayar 'yan uwa me ya faru a shekarar 1492. Waɗanda suka yi boko suka ce ai shekarar da Kolombos ya gano Amurka ke nan. Malam ya ce haka aka koya masu a aji, amma rabin labarin aka ba su. Ranar 2 ga Janairun wannan shekarar ce Garnaɗa, birni na ƙarshe da ya rage a hannun Musulmi a Andalus, ta miƙa makullanta ga Sarki Fadinan da matarsa Izabela, bayan kusan shekara 800 ana kiran salla a ƙasar. A watan Afrilu, cikin sansanin da aka gina don yi wa Garnaɗa ƙawanya, aka ƙulla yarjejeniya da Kolombos. Ranar 3 ga Agusta ya tashi da jirage uku, har da tafinta mai jin Larabci, domin a zatonsa gabashin duniya zai sauka. Maganar "ganowa" kuwa, in ji Malam, ta yaya za ka gano gidan da masu shi suke ciki?

Daga nan Malam ya koma baya. Ya ce a shekarar 1085 Kiristoci suka ci birnin Ɗulaiɗila, suka tarar da littattafan Larabci jibge. Ɗalibai suka yi ta zuwa daga sassan Turai suna koyon Larabci don su fassara. Mutum guda kawai, Jirad na garin Kiremona wanda ya mutu a 1187, ya juya littattafai fiye da 70 zuwa Latinanci, ciki har da Alƙanun na Ibn Sina, wanda aka yi ɗaruruwan shekaru ana karantar da likitocin Turai da shi. Littafin Ibnul Haisam a kan haske da gani ya kai har hannun masu zane da sassaƙa na birnin Fulorens a Italiya, inda attajiran gidan Medici suke zuba dukiya a kan malamai da magina. Takarda ma ta hannun Musulmi ta shiga Turai.

To, a nan ne Malam ya ja kunnen 'yan uwa. Ya ce ya lura wasu matasa da zarar sun ji wannan sai su yi kabbara, su ce ashe komai namu ne suka sace, shi ke nan an tashi. "Wanda ya saci iri," in ji shi, "ai sai ya yi noma kafin ya ci tuwo." Ya ce mutanen nan sun yi wahala. Sun tono littattafan Girkawa da Rumawa na dā, musamman da malaman Girka suka riƙa ƙaura zuwa Italiya gabanin Sultan Muhammad Alfatih ya buɗe Kustantiniyya a 1453 da bayan hakan. Sun auna, sun gwada, sun gyara kurakuran magabata. Liyonado da Binci, wanda aka sani da zane, ya feɗe gawarwaki yana zana jijiya da ƙashi don ya ga yadda jikin mutum yake. Faɗin wannan ba yabon kafirci ba ne, sanin abokin gaba ne.

Abin da ya fi daɗewa a kansa shi ne injin ɗab'i. Wajen 1450 wani Bajamushe, Gutenbag, ya ƙera injin buga littattafai a garin Mainz. Kafin shekarar 1500 akwai maɗaba'u a garuruwan Turai fiye da 200. Littafin da magatakarda zai yi watanni yana kwafa, sai ga shi ɗaruruwa a kasuwa, taswirar da matuƙin jirgi ya gyara bana, baɗi tana hannun wani. Malam ya tambaya, yaushe Musulmin Daular Usmaniyya suka buga littafinsu na farko da haruffan Larabci a Istanbul? Sai a 1729, a maɗaba'ar Ibrahim Mutafarriƙa. Kusan shekara 280 ke nan tsakani. Abin takaici, in ji shi, Alƙur'ani mai girma da aka fara bugawa da inji cikin Larabci, a birnin Banis aka buga shi wajen 1538, wasu 'yan kasuwa Kiristoci ne suka yi, ga shi cike da kurakurai. Ya kuma ambaci ɗakin duban taurari da Taƙiyuddin ya gina a Istanbul a 1577, wanda Sultan ya sa aka rushe a 1580. Ya ce wannan ba Bature ne ya rushe mana shi ba.

Da ya juyo kan tafiye-tafiyen teku, Malam ya ce zinaren yankinmu ne ya fara jawo su. Tun hajjin Mansa Musa na Mali a 1324 labarin ya bazu, har wata taswira ta 1375 ta zana shi riƙe da curin zinare. Mutanen Fotugal suka ci Sabta a gaɓar Maroko a 1415, suka ga abin da ayarin raƙuma ke kawowa daga hamada, suka ƙudurta sai sun zagaya ta ruwa sun kai tushen. A 1444 aka sauke bayi 235 a garin Lagos na Fotugal, ba Ikko tamu ba, aka raba su kamar tumaki. A 1482 suka gina ganuwar Elmina a gaɓar ƙasar Gana ta yau. Bayan ya zagaye ƙarshen Afirka, a 1498 Basko da Gama ya samu jagora a Malindi, ya isa Kalikut ta Indiya. A 1517 jiragen yaƙinsu suna bakin Jidda, ƙofar Makka. Abin da ya samu mutanen Amurka na asali kuwa, na kisa da bauta da annoba, Malam ya ce wannan karatu ne mai zaman kansa. Ilimin da babu tsoron Allah a cikinsa ke nan.

Ya ce ko a Garnaɗa, lokacin da babban limamin coci Sisneros ya sa aka tara littattafan Musulmi a dandali aka cinna masu wuta, na likitanci ya ware ya adana. Ya san abin da yake ƙonawa, ya san abin da yake so ya riƙe.

Wani ɗan uwa ya tambaya ko Turawan wancan zamani sun san da ƙasar Hausa. Malam ya ce sun sani, kuma ta bakin ɗan Garnaɗa. Hasan Alwazzan, wanda aka haifa a can iyayensa suka yi hijira da shi zuwa Fas, 'yan fashin teku sun kama shi a 1518 suka kai wa Paparoma Liyo na 10. A Rum ya rubuta bayanin Afirka, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Gobir, aka buga a Banis a 1550, aka fassara zuwa harsunan Turai. Malam ya ce duk wanda ya taɓa karanta littafin a cikin masu sauraro ya ɗaga hannu. Ba a samu ko ɗaya ba. Sai ya raba 'yan uwa gida uku, ya ɗora wa kowane rukuni ya zo zama na gaba da taswirar tafiya guda, ta Kolombos, ta da Gama, da hanyar ayari daga Kano zuwa Fas, da sunan kowane zango. Aka rufe da addu'a.