Rigar Sa'a Ba Ta Amsa Tambaya

(Jawabin da wani ɗalibi ya yi a taron ɗalibai 'yan Karaye da Rogo na Jami'ar Bayero, Kano)



Waɗanda suka san ni tun muna sakandare za su yi mamakin ganina tsaye a nan, domin ni ne yaron da ko sunansa aka tambaye shi sai ya dubi ƙasa. To, a kan wannan duban ƙasa nake so in yi magana yau.

Da na gama sakandare, na nemi aikin koyarwa na wucin gadi a wata makaranta cikin birnin Kano, aka kira ni ganawa, watau intabiyu. Yayana yana da wata shuɗiyar shadda wadda muke kira rigar sa'a, domin da ita ya sami aiki, da ita kuma ya je gaisuwar surukai aka ba shi mata. Na are ta, na kai wa mai guga, na hau mota daga Karaye tun da asuba, ina ganin aiki ya riga ya zama nawa.

Mutum uku na tarar a zaune. Babbansu ya ce in ba su labarin garinmu. Jama'a, ni da na tashi kusa da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, na san masuntanta da masu noman rani a gefenta, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Na sunkuyar da kai ina murza hannun riga har suka sallame ni. Ran nan na yarda da Bahaushe da ya ce kayan aro ba ya rufe katara.

Kada wani ya zaci ina zagin kunya. A 1974 an buga wata lacca ta Baturen nan Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, ya kuwa lissafa kunya cikin halayensa, tare da gaskiya da amana da haƙuri da ladabi. Kunyar da ke hana mutum ƙarya, ko ɗaga murya a gaban mahaifinsa, ado ce. Amma akwai wata aba da ke sa rigar kunya alhali ba ita ba ce, sunanta tsoro. A gida an koya mana kada mu haɗa ido da babba, kada mu yabi kanmu. Mai ɗaukar ma'aikata kuwa minti kaɗan gare shi; in ka yi shiru, ba zai ce kana da tarbiyya ba, cewa zai yi ba ka sani ba. Saboda haka yaron ƙauye mai ilmi yakan rasa gurbi, wanda bai kai shi ba ya samu, don kawai shi ya buɗe baki.

Ga abin da ya yi mini magani. Da fari, na ɗaukar wa kaina alkawarin yin tambaya ɗaya a aji kowane mako, ko da murya na rawa, tun da matambayi ba ya ɓata. Na biyu, in na je hutu nakan tara ƙannena in koya musu lissafi, domin wanda ya saba tsayawa gaban yara goma, manya uku ba za su razana shi ba. Na uku, ni da abokaina biyu mukan zauna mu yi wa juna ganawar gwaji, ɗaya ya zama mai tambaya, ɗaya ya lura da kurakurai. Na huɗu, na koyi gaishe da babba da ladabi sa'an nan in ɗaga kai in amsa abin da ya tambaya. Ladabi da bayani ba kishiyoyi ba ne.

Batun tufa kuwa, a sa mai tsabta, wadda ta yi daidai da jiki, ko da yadi ne mai araha daga Kantin Kwari. In wata riga tana sa ka ji ƙarfin zuciya, sa abarka, amma ka sani rabo na Allah ne, ba na zare ba.

'Yan'uwa, musamman ƙannena mata waɗanda nauyin kunya ya fi yawa a kansu, gobe za a tura mu bautar ƙasa, shirin da aka kafa tun 1973, wata jihar da ba mai jin Hausa balle ya yi mana kara. Can ba yaya, ba rigarsa. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, sai mu fara gwada bakinmu tun muna nan.

Rigar tana nan, na mayar wa mai ita.