Dokar Leda a Ikko: Kada Mu Jira Sai an Zo da Kwaɗo

(Jawabin da kwamitin kasuwanni na ƙungiyarmu ya gabatar a taron shugabannin sana'o'i da aka yi a Agege)



Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, limamanmu da malamanmu, Sarkin Fawa, shugabannin 'yan gwari da 'yan goro da 'yan tireda da masu shayi, iyayenmu mata, da sauran jama'a baki ɗaya, muna yi muku barka da zuwa. Mun san da yawanku sun baro rumfa a hannun yara ne, saboda haka ba za mu ja ku da nisa ba.

Abin da ya tara mu yau ba wani babban kaya ba ne. Leda ce. Baƙar ledar nan da muke ƙulla tumatir da barkono a ciki, wadda masu gari suke kira nailan. Wani zai ce, to don leda aka hana mu ciniki? E, don ita ne, domin yanzu ta zama abin da zai iya jawo a garƙame wa mutum shago.

Ga yadda maganar take. A watan Janairu na 2024 Kwamishinan Muhalli na Jihar Legas, Tokunbo Wahab, ya ba da sanarwar hana amfani da farar robar nan marar nauyi da ake zuba shinkafa a ciki, tare da sauran robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Aka fara da ta shinkafar, sauran kuma aka ba kamfanoni da 'yan kasuwa wa'adi. Ranar 1 ga Yuli, 2025 wa'adin ya cika. Abubuwan da hanin ya shafa su ne ita farar robar, da kofin roba na sha-ka-yar, da cokali da tsinken zuƙar lemo na roba, sai kuma leda wadda kaurinta bai kai maikiron 40 ba. Ledar fiya wata da gorar ruwa ba sa ciki. Mun faɗi wannan da babbar murya don masu tallar ruwa su kwantar da hankalinsu, kada wani ya zo ya tsorata su ya karɓe musu 'yan kuɗinsu.

To mene ne maikiron? Idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kashi ɗaya shi ne maikiron. Galibin gashin kan mutum ma ya fi maikiron 40 kauri. A taƙaice dai, shara-sharar ledar nan da ake saye ƙulli-ƙulli, wadda in ka sa albasa biyar sai ta ɓarke kafin ka kai bakin titi, ita ake nufi. Mai kauri irin ta manyan kantuna, wadda yanzu suke sa wa kuɗi, ba a hana ta ba.

Jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ko da gwamnati ba ta ce komai ba, mu ne ya kamata mu fara kuka da leda. Su waye suke kwana a bakin kwata a garin nan? Ba masu gidajen Ikoyi ba ne. Mu ne a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Ikko gari ne da yake kwance a kan ruwa, ruwan sama ba shi da hanyar fita sai ta lambatu. Leda kuwa ba ta ruɓewa kamar ganye. Tana shiga lambatu ta tare yashi, yashi ya tare bola, kafin ka ankara hanya ta toshe. Waɗanda suke nan ranar 10 ga Yuli, 2011 ba su manta ruwan da ya ci garin nan ba. 'Yan'uwanmu na Sabo Badun su ma sun ga nasu a watan Agusta na wannan shekarar, kuma dattawansu har yau suna ba da labarin ambaliyar Ogunpa ta 1980. Ba mu ce leda kaɗai ce ta kawo waɗannan ba, akwai gini a kan hanyar ruwa, akwai sakacin hukuma. Amma duk wanda ya taɓa riƙe shebur ranar sharar Alhamis ya san abin da yake fitowa daga kwata.

Sarkin Fawa yana nan zaune, in mun yi ƙarya ya tsayar da mu. Sau nawa ake yanka sa a Oko-Oba a farke tumbi a tarar da dunƙulen leda ya murɗe kamar igiya? Dabba ta ji ƙanshin gishiri ko mai a jikin leda sai ta haɗiye. Ba ta narkewa, ba ta fita. Tana nan ta cika tumbi, dabba ta daina cin abinci sosai, ta yi ta ramewa, mai ita yana ta sayen magani yana zaton tsutsa ce. Asarar nan ta wa ce? Ta ɗan'uwanmu da ya yi kiwo a Arewa, da dillalin da ya biya kuɗin tirela. Haka tunkiyar da uwargida take turke da ita a bayan gida don Layya.

Akwai kuma wani abin da yaranmu 'yan bola suka gane tun kafin masu ilmi su rubuta. Je ka juji na Olusosun a Ojota ka ga abin da suke tsinta: ƙarfe, gwangwani, gorar ruwa, roba mai kauri. Waɗannan suna da mai saye, ana aunawa a biya. Siririyar leda kuwa sai ka tara buhu guda ba ta yi nauyin kirki ba, ga datti, don haka ba mai sunkuyawa ya ɗauke ta. Dalilin da ya sa dokoki a ko'ina suke fara farautar siririyar ke nan.

Ba Legas ce ta fara ba. Ƙasar Bangaladash ta hana tun 2002, bayan ambaliyar da aka gano leda ta toshe magudanan ruwa. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgin sama ana karɓe ta daga hannun baƙi. Kenya ta zo da tata a 2017 da hukunci mai tsanani, ɗaurin da zai iya kai shekara 4 ko tarar da za ta iya kai shilin miliyan 4. A nan gida ma Majalisar Wakilai ta amince da wani ƙuduri a 2019 mai tarar naira 500,000 ko ɗaurin shekara 3, sai dai bai zama doka ba. Jamhuriyar Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Yamai ya san leda tana nan daram. Wato doka a takarda daban, doka a kasuwa daban.

Wannan ne yake sa wasu daga cikinmu suke cewa, bar su kawai, ta Legas ma kwana biyu ce za ta wuce. Mu dai a kwamiti ba mu yarda da wannan lissafi ba. Gwamnatin jihar nan in ta tashi rufe wuri ba ta neman shawarar kowa. A watan Oktoba na 2023 an rufe kasuwar Mile 12 saboda maganar ƙazanta. A watan Yuni na 2025 an rufe mayankar Oko-Oba. Mai sayar da taya in an rufe masa shago mako guda, tayarsa tana nan. Ɗan gwari fa? Kwandon tumatir da ya taso daga Kano ko Zariya ya kwana biyu a mota, kwana nawa zai ƙara a bayan ƙofa a kulle? Kuma mun san in ana neman wanda za a nuna a ce shi ne mai ɓata gari, baƙo ake fara dubawa, ko da kakansa ne ya sari dajin unguwar. Kada mu miƙa wa kowa sandar da zai doke mu da ita.

Amma fa muna da namu ƙorafin, kuma za mu kai shi inda ya dace. Mai shayi ba shi da na'urar auna maikiron. Shi dai ya je wurin dila ya sayi abin da ya tarar. In ana son a kashe maciji a sare kansa: a je masana'antar da take buga siririyar leda da manyan dilolin da suke sauke ta, a tilasta musu su rubuta kaurin a jikin kowane ƙulli. Sannan sanarwar nan da Turanci da Yarbanci aka fi yin ta. Akwai dubban masu sana'a a jihar nan da ba sa jin ko ɗaya sosai. Muna roƙon a yi ta da Hausa, a rediyo da kuma a bakin kasuwa. Ga kuma tsada. Wadda take sayar da ƙosai ko barkono ƙulli-ƙulli, ribarta ba ta kai ta ba kowane mai saye leda mai kauri kyauta ba. Wannan gaskiya ce, ba taurin kai ba ne.

Abin da ya ba mu ƙarfin gwiwa shi ne, sana'o'inmu sun girmi leda nesa ba kusa ba. Kakanninmu sun ɗauki goro daga Kurmi har Kano da Sakkwato a cikin huhu, an lulluɓe shi da ganyen fita, ya isa da ɗanyensa.  Mai tsire da takarda aka san shi. Iyayenmu mata da kwando da kwarya da kwanon sha suke zuwa cefane, yaro in an aike shi sayen koko da kofinsa yake tafiya. Maƙwabtanmu Yarbawa har yanzu suna dafa alalarsu a ganye, kuma kowa ya ci ya san ta fi ta leda daɗi. Yaushe ma aka fara ɗura koko mai zafi a leda? Akwai masu furfura a ɗakin nan da suka riga abin zuwa Ikko. Sai kuma masu hura gawayi da leda, don Allah a bari. Hayaƙin nan guba ne, kuma mai hurawar ne yake fara shaƙa.

Saboda haka ga abin da kwamiti ya kawo muku. Kowane shugaban sana'a ya tara mutanensa ya karanta musu jerin abubuwan da aka hana da waɗanda ba a hana ba. Wanda yake da ragowar farar roba ko siririyar leda a shago kada ya ƙara saro wata. Masu sayen leda da yawa, irin su 'yan gwari da mahauta, su haɗa kuɗi a saro mai kauri kai tsaye daga masana'anta, a karɓi rasit a ajiye, domin ranar da aka zo bincike takarda ce za ta yi magana. Telolinmu kuma ga kasuwa ta buɗe: buhun shinkafa da na fulawa da ake yarwa, in aka wanke aka ɗinka masa hannu, jaka ce da za ta shekara ana cefane da ita. Muna roƙon limamai su taɓo maganar a huɗuba, sun fi mu sanin abin da addini ya ce game da tsabta da kawar da ƙazanta daga hanya.

Wanda kuma aka kama, ko aka kwashe masa kaya, kada ya yi faɗa, kada ya ba da na goro a bayan fage. Ya nemi sunan ofishin da takardar kamun, ya kawo wa sakatare a ranar. In an ga abin da aka kwashe ba ya cikin jerin, ƙungiya za ta bi masa.

Sakatare zai zagaya da takarda yanzu, kowane shugaba ya rubuta ranar da zai tara nasa mutanen, don mu turo wanda zai zo da samfurin ledar iri biyu a taɓa a ji bambancin da hannu. Malam kuma zai rufe mana da addu'a.